Wace leda za ka reni selil a ciki? Yadda ake zaɓen biyoreyakta mai amfani sau ɗaya don yin antikor a gari irin Damagaram

Salamu alaikum ƴan'uwa, musamman ƴan labo da ɗaliban kimiyya da na fannin lafiya na jami'ar André Salifou. Maganar yau ta renon selil ce, wato ƙwayoyin halittar dabba da ake kiwo cikin ruwan abinci don su yi mana antikor, furotin ɗin nan da jiki ke yi don ya kama ƙwayar cuta, da yadda mutum zai zaɓi abin da zai rene su a ciki, wato biyoreyakta, ba tare da ya zubar da kuɗin furoje a kan mashin ɗin da ɗakinsa ba zai iya ɗauka ba.

Antikor ɗin nan kullum muna tare da shi ko da ba mu kula ba. TDR ɗin nan, abin gwajin zazzaɓi na nan-take da ake ɗiga wa jinin yaro a ƙaramin asibiti (CSI) lokacin damina, layin nan da ke fitowa antikor ne ya kama wani furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mai suna HRP2, haka ma abin gwajin ciki, shi kuma wani sinadarin masu ciki mai suna hCG yake kamawa a fitsari. Magungunan Ebola guda biyu da Amurka ta amince da su a 2020, Inmazeb da Ebanga, antikor ne zalla. Nan kusa da mu a Mali an gwada wani antikor na zazzaɓin cizon sauro mai suna CIS43LS a kan manya, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna kariya wajen kashi 88 cikin ɗari daga kamuwa da zazzaɓin har wata shida ga waɗanda aka ba babban awo, daga baya kuma aka gwada wani irinsa mai suna L9LS a kan yara. Bakteriya irin E. coli tana da saurin girma ga arha, sai dai ba ta iya liƙa wa antikor sarƙar sukarin da yake buƙata, shi ya sa aka dogara da selil na dabba: hibiridoma, wato selil mai yin antikor da aka game da selil na ciwon daji don kada ya daina haihuwa, wanda Köhler da Milstein suka haɗa a Kembirij a 1975, da kuma CHO wanda Theodore Puck ya fara renonsa a 1957 daga ma'ajiyar ƙwan macen hamsta, wani ɗan ɓeran ƙasar Sin, kuma har gobe da shi yawancin masana'antu ke aiki.

A da tankin ƙarfe ake amfani da shi, duk in an gama zagayen reno guda sai an wanke shi da soda da ruwa mai tsananin tsabta, a turara shi da tururi a digiri 121, sannan a kawo hujjar cewa ya wanku. Wanda ya san layin bido a unguwannin garin nan cikin watan huɗu da na biyar ya san wannan kaɗai ya isa ya kashe maganar. Biyoreyakta mai amfani sau ɗaya leda ce ko roba mai tauri da ke zuwa a rufe, an riga an kashe mata ƙwayoyin cuta da hasken gama (kilogire 25 zuwa 40 aka saba), ka ɗora ka yi aiki ka cire ka yar. Ta raba ka da tukunyar tururi da ruwan wanki, amma fa ta ɗaure ka da kamfanin da ke ƙetaren teku, domin ranar da leda ta ƙare a sito aiki ya tsaya cak. Da wannan a ranka za ka bi matakan nan.

Mataki na 1: nawa kake so, a giram

Kafin ka buɗe katalog ko ɗaya ɗauki biro ka rubuta adadin antikor ɗin da aikinka ke buƙata a shekara. Mutane da yawa suna farawa da lita nawa, alhali giram nawa ne tambayar. Mai yin ELISA (gwajin labo da ake yi da antikor) ko tezi ko gwajin haɗa TDR a labo, miligiram 20 zuwa 100 za su kai shi nesa sosai. Mai son samar wa masu haɗa kayan gwaji, giram ɗaya zuwa wasu gomomi. Maganin da za a yi wa mutane allura kuwa kilo ake magana.

Lissafin ba shi da wuya: yawan ruwa sau abin da lita guda ke bayarwa, sannan ka cire asarar tacewa, ka ɗauka kashi 70 ne zai rage maka. Hibiridoma a kwalbar reno ta yau da kullum miligiram 10 zuwa 100 take bayarwa a lita, CHO mai kyau da ake ciyarwa kaɗan-kaɗan tsawon kwana 12 zuwa 14 yana kai giram 3 zuwa 8 a lita a hannun masana'antu, kai da ka fara yau ka yi lissafi da giram 1 ko 2. To lita 25 sau giram 2 giram 50 kenan, bayan tacewa 35. Lita 2000 sau giram 5 kilo 10, bayan tacewa kilo 7, in ka raba da miligiram 300 da aka ba wasu yaran a gwajin L9LS ka samu awo dubu 23 da ɗoriya. Ka ga tazarar da ke tsakanin buƙatar labo da ta masana'anta, kuma galibinmu a layin farko muke.

Abu guda da ba na son a manta: antikor ɗin da ka yi a labon jami'a na gwaji ne da bincike, ba a yi wa kowa allura da shi. Na allura sai masana'antar da ke bin ƙa'idojin BPF, wato dokokin haɗa magani yadda ya kamata, da gwajin bayros da izinin hukuma.

Mataki na 2: selil ɗinka mai iyo ne ko mai mannewa

CHO da aka horar da hibiridoma suna yawo cikin ruwa, su ne na antikor. Vero da ire-irensa sai sun samu bango sun manne, su aka fi amfani da su wajen rigakafi, misali rigakafin PPR na awaki da tumaki a kan Vero ake renonsa. Wannan kaɗai ya rage maka rabin katalog. In kuma kana tunanin sayar da abin da ka samar wata rana, tambayi lasisin selil ɗin tun yanzu, tsarin selil na GS na kamfanin Lonza misali ba kyauta ba ne.

Mataki na 3: auna ɗakinka kafin ka auna mashin

Nan zan daɗe, domin nan ne namu ya bambanta da na masu rubuta katalog.

Wuta tukuna. Selil ɗaya na CHO yana shan wajen pikomol 0.25 na oksijan a awa, ƙiyasi ne, yana hawa yana sauka da irin selil. In kana da miliyon 10 a kowane mililita, lita guda tana da miliyar 10, suna shan milimol 2.5 a awa kenan. Ruwan abinci a digiri 37 in ya ƙoshi da iska milimol 0.2 kacal yake riƙewa a lita, mu kuma a kan rabin haka muke ajiye shi, 0.1. Raba 0.1 da 2.5 ka gani: ƙasa da minti uku oksijan ya ƙare. Ma'ana in kuran ya ɗauke a rana ta tara ta reno, mai gadi ya tafi neman makullin gurup, kafin ya dawo selil sun fara shaƙewa, sun kwanta a ƙasan leda, laktat, dattin da selil ke fitarwa, ya fara hawa. Don haka ondila mai batir da zai riƙe motar mashin da famfunan gas ba tare da ko ƙiftawa ba dole ne, gurup ko sola su zo bayansa. Kuma ka duba a takardar mashin ko yana komawa kan saitinsa da kansa in wuta ta dawo ko sai an danna masa, wannan tambaya ce da ya kamata ka yi wa mai sayarwa a rubuce.

Sai zafi. Selil na son digiri 36.5 zuwa 37, in ya wuce 39 zuwa 40 na wasu awoyi sun fara mutuwa. Inkibata ta yau da kullum da tiren leda mai lilo (za mu gan ta a mataki na 4) dumamawa kawai suka iya, ba su sanyayawa, an ƙera su ne da zaton ɗakin ya fi su sanyi da aƙalla digiri 5. A bazarar Damagaram da inuwa kanta ke haura 40, ɗakin da ba kilim ya riga ya fi ƙarfin mashin ɗin. Ƙari a kan haka masu CHO da yawa suna sauke zafi zuwa 32 ko 33 a tsakiyar zagaye don selil su rage haihuwa su daɗe suna zubo antikor, wannan ba zai yiwu ba sai ɗakin yana wajen 22 zuwa 25. Kilim ɗin ma ya hau layin gurup, kuma gara biyu da ɗaya.

Sai gas. Kana buƙatar iska mai tsabta marar mai, oksijan, da CO2 don riƙe pH tsakanin 6.8 da 7.2. Lissafin baya ya nuna dalilin oksijan zalla: da iska kaɗai sai mashin ya iya kLa, wato saurin shigar da oksijan cikin ruwa, wajen 25 a awa kafin ya ciyar da miliyon 10, da oksijan zalla wajen 3 ya isa. Ka san daga ina butelin zai zo da kwana nawa yake ɗauka, Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, kada ka fara zagaye sai da buteli na biyu cike a gefe. Ƙurar hunturu kuma ta sa dole a samu ƙofa biyu kafin a shiga ɗakin reno, a riƙa canza filtar kilim da ta akwatin iska mai tsabta fiye da yadda takarda ta ce. Ruwan abinci firigo yake so, digiri 2 zuwa 8 cikin duhu, bankin selil kuma, wato irin da aka daskarar aka ajiye, azot mai ruwa, in ba ka da hanyar samunsa a kai a kai to ka ajiye kwafin bankinka a wani labon da ke da shi.

Mataki na 4: jera nau'o'in ka kwatanta

Kwalba mai ɗaki biyu. CELLine ce aka fi sani. Babbar tana da ɗakin abinci na lita 1 a sama da ɗan ɗakin selil na mililita 15 a ƙasa, tsakaninsu tantani mai barin abin da bai kai kilodalton 10 ba (ma'aunin nauyin furotin ne) ya wuce, ƙarƙashi kuma wani tantanin silikon da oksijan ke shiga ta cikinsa. Gulukos na sauka, datti na hawa, antikor mai kilodalton 150 ba ya iya fita sai ya taru, ana samun miligiram 1 zuwa 2 ko fiye a mililita, kana ɗiba kamar sati-sati kana sabunta abinci. Miligiram 15 zuwa 30 kenan a kowace ɗiba, cikin ruwa kaɗan mai sauƙin tacewa. Ba mota ba famfo, inkibata mai CO2 kawai, in wuta ta ɗauke na ɗan lokaci ka bar ƙofar a rufe babu abin da ya tsaya sai dumi da ke sauka a hankali. Aibinta matattun selil suna taruwa a ciki, ba ka da iko da pH ko oksijan, duk buɗewa hanya ce ta shigar bakteriya, kuma ba ta koya maka komai game da babban mashin. Amma ga hibiridoma da buƙatar miligiram, ni a ganina babu abin da ya kai ta dacewa da mu, ta kuma raba ka da tsohuwar hanyar renon hibiridoma a cikin ɓeraye har cikinsu ya kumbura.

Zaren tiyo masu rami. Knazek ya fito da dabarar a 1972, FiberCell na cikin masu sayarwa yau. Dubban siraran tiyo cikin kwanso ɗaya, abinci na bi ta cikinsu, selil na zaune a waje har su kai miliyon 100 a mililita, ana ɗiba wata da watanni. Tana ba da ɗaruruwan miligiram zuwa giram. Sai dai rayuwarta duk a kan famfo take, da yawan selil irin wannan in famfo ya tsaya ko lissafin minti ukun nan ba za ka samu ba.

Leda mai lilo. Vijay Singh ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1990, GE ta sayi kamfaninsa a 2007, yanzu tana hannun Cytiva da sunan WAVE, Sartorius na da tata Biostat RM. Leda ce shimfiɗaɗɗiya a kan tire, rabi ruwa rabi iska, tiren na karkata gaba da baya kamar yadda ake kaɗa nono a gora sai dai a hankali, sau 15 zuwa 25 a minti a kan digiri 6 zuwa 10. Igiyar ruwan da ke tashi ita ke garwayawa ita ke ɗebo oksijan daga sama, ba farfela ba kumfa daga ƙasa, shi ya sa take da sauƙi ga selil kuma CO2 ke fita ba wahala. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ledar lita 50 tana aiki daga lita 5 har 25, ta lita 20 daga 1 har 10, wato ka fara da kaɗan ka riƙa ƙara abinci cikin leda ɗaya ba sai ka juye ba, kowane juyi da ka kauce wa kuwa haɗari ɗaya ka rage. Iyakarta oksijan ne, in selil sun yi yawa sai ka ƙara lilo, in ka ƙara lilo kumfa ta tashi ta jiƙa filtar fita. Mafi girmanta ruwan lita 500 take aiki da shi, kuma abin da ka saita a lilo ba ya juyuwa kai tsaye zuwa tanki mai farfela. Ga giram 1 zuwa 50 nan zan tsaya.

Leda mai farfela. Ita ce ta masana'antu. Ledar na zama cikin mazubin ƙarfe mai rigar ruwa, wanda in an haɗa shi da na'urar ruwa yana dumamawa yana kuma sanyayawa, wannan babbar riba ce a wajenmu. Kamfanonin sun bambanta a inda suka sa farfela. Xcellerex XDR ta Cytiva a ƙasa take, maganaɗisu ke juya ta daga waje, ba sandar da ta huda leda. HyPerforma ta Thermo ta asali sanda ce ke saukowa daga sama a karkace, ba a tsakiya ba, don kada ruwan ya riƙa zagaye wuri ɗaya. Biostat STR ta Sartorius sanda ce a tsakiya da farfela biyu, siffarta ta fi kama da tankin ƙarfe, abin da ke sauƙaƙa wa mai son ƙaura daga ƙarfe zuwa leda. Yawancinsu daga lita 50 ne zuwa 2000, DynaDrive ta kai 5000, ABEC ta kai 6000. Ledar wannan ba ta shiga mazubin wancan, ranar da ka sayi mazubi ka zaɓi wanda zai riƙa sayar maka da leda shekara da shekaru.

A nan abin dubawa na gaske shi ne mahurar iska ta ƙasa. Mai ƙananan ƙofofi na mikron kaɗan tana ba da ƴan mitsi-mitsin kumfa masu narkar da oksijan sosai, amma suna tara kumfa a sama kuma ba su iya kwashe CO2, shi kuwa in ya haura milimita 120 zuwa 150 na zaiba girma ya ja baya, sukarin jikin antikor ma ya canza. Mai huji rabin milimita zuwa milimita 1 ta fi kwashe CO2 amma tana cin gas. Nemi leda mai duka biyun. Kuma mutane na tsoron farfela, alhali abin da ya fi kashe selil shi ne fashewar kumfa a saman ruwa, maganinsa wani sinadari ne mai suna poloksama 188 wajen giram 1 a lita, duba ko ruwan abincinka na da shi. Tambayi mafi ƙarancin ruwan da ledar ke aiki da shi, wasu sai rabi, wasu ɗaya bisa biyar. Don koyo akwai ƙanana na roba mai tauri, Mobius lita 3, UniVessel SU lita 2, BioBLU ta Eppendorf, wanda ke son ɗalibansa su iya aikin masana'anta ɗaya daga cikin waɗannan ta fi masa amfani da katuwar lita 200. Ambr 15 mai ƴan kofuna 24 ko 48 na mililita 10 zuwa 15 na masu tantance ɗaruruwan kulon ne, wato ire-iren selil don zaɓen mafi kyau, ba tamu ba ce yanzu.

Mai girgiza a zagaye. Kamfanin Kühner na Suwizalan ya haɓaka ta tare da masu bincike na EPFL a Lozan. Ba farfela ba mahura, leda ce sassauƙa cikin silinda da ke juyawa, kuma tsari ɗaya ne tun daga tiyon mililita 50 da kwalbar girgiza har lita 200 da 2500. In ka riga ka saba da kwalbar girgiza wannan ta fi kusa da hannunka, sai dai babbar tana son daɓe mai ƙarfi, kuma masu amfani da ita ba su kai na farfela yawa ba, samun wanda zai ba ka shawara ya fi wuya.

Mai shimfiɗar zare. iCELLis da scale-X, na selil masu mannewa ne, ƙaramar iCELLis tana kai murabba'in mita 4, babbar 500. Ta rigakafi ce, mai antikor ya wuce kawai.

Mataki na 5: binciki ledar kanta

Ledar ba fata ɗaya ba ce, ciki poliyetilen ne mai taɓa ruwa, tsakiya EVOH mai hana gas ratsawa, waje kuma mai ƙarfi. A 2013 masu bincike na Amgen suka bayyana cewa wani sinadarin kare roba mai suna Irgafos 168, in hasken gama ya buge shi yana rikiɗa zuwa bDtBPP, wanda ko ɗaya bisa goma na miligiram a lita yana hana CHO girma. Kamfanoni sun gyara ledojinsu tun daga nan, amma ka nemi takardar abubuwan da ledar ke zubarwa da takardar hasken gama da ranar ƙarewar wa'adi, sannan ka yi naka gwajin, ba shi da tsada: zuba ruwan abinci cikin sabuwar leda ka bar shi kwana 3 a digiri 37, wani kuma cikin kwalbar gilashi, ka reni selil iri ɗaya cikin kowanne a kwalbar girgiza ka ƙirga su kwana uku zuwa huɗu. In na leda ya ja baya a fili, kada ka zuba mata selil ɗinka. Zafi na ƙara fitar da irin waɗannan sinadarai, katan ɗin da ya kwana cikin tirela a rana ko ya yi sati a sito wajen ƴan duwan ya cancanci wannan gwajin fiye da na kowa.

Mataki na 6: gwajin kwatanci na gaskiya

In ka rage zaɓi zuwa biyu, kada ka kwatanta lambar katalog ɗin wannan da ta wancan, kowa da selil ɗinsa da abincinsa ya auna. Narke kwalba ɗaya daga banki, ka tabbatar ba mikoplasma, ƴar bakteriyar nan mai ɓata reno, ka raba ta biyu, ruwan abinci lo ɗaya (haɗi ɗaya), shuka iri ɗaya wajen miliyon 0.3 zuwa 0.5 a mililita, jadawalin ciyarwa ɗaya, ka ajiye kwalbar girgiza a gefe a matsayin ma'auni. Kullum a awa ɗaya ka ɗebi samfur, ka ƙirga masu rai da matattu da shuɗin tiripan a kan gilashin ƙirga na Malassez ko Neubauer, ka auna gulukos (riƙe shi tsakanin giram 2 da 6 a lita) da laktat, ka auna pH a waje ka gwada da abin da mashin ke nunawa domin ɗigon sansa na cikin leda yana gocewa da kwanaki. Daga rana ta biyar ka fara auna antikor da ELISA. In masu rai sun sauka wajen kashi 70 ka girbe, jira bayan haka datti kawai yake ƙarawa. Kada ka tsaya kan yawa, ka sa antikor ɗin a gwajin jel ka ga ko ya karye ko ya dunƙule, ka gwada ko yana kama abin da aka yi shi dominsa. Maimaita sau uku in leda ta isa. Ka kuma rubuta abubuwan da ba a sa wa a rahoto, butelin oksijan nawa ya tafi, awa nawa mutum ya tsaya a kai, sau nawa ƙararrawa ta tashe ku da dare, domin su za su gaya maka ko za ka iya riƙe abin shekara guda.

Mataki na 7: ranar ɗora leda

Ka yi lissafin iri tukuna. CHO na ninkawa cikin awa 20 zuwa 24, lita 25 a miliyon 0.3 na buƙatar miliyar 7.5 na selil, wato lita 2.5 na kwalbar girgiza mai miliyon 3, in kuma da lita 5 za ka fara cikin ledar rabin lita ya isa. Daga narkewa zuwa nan ka ba kanka sati biyu.

Kada wuƙa ko reza ta kusanci katan, a cire zobe da agogo, mutum biyu su ɗaga leda ba a jan ta a ƙasa. Duba ɗigon shaidar hasken gama, duba kowane lanƙwasa a gaban fitila, rufe duk maƙallan tiyo. Hura ta da iska ka bar ta ka ga ko tana saki. Ledar farfela ba ta jure matsi fiye da wajen miliba 30 zuwa 35, kuma abin da ya fi fasa leda shi ne filtar fita da ta jiƙe da tururi ko kumfa ta toshe, don haka hitar filta a kunne take tun kafin ruwa ya shiga, maganin kumfa kuma a haɗe yake a shirye. Zuba abinci ta filtar mikron 0.2, kai shi digiri 37, ka bar shi ya kwana, in da safe ya yi gurɓi ka yi asarar leda da abinci amma selil ɗinka na nan. Sannan ka daidaita sansar oksijan da ta pH, ka shuka. Tiyon C-Flex ana iya walda shi da na'ura, na silikon ba a iyawa sai da mahaɗi mai tsabta, ka san wanne ke jikin ledarka tun ranar komandi.

Kuma kada ka girbe abin da ba za ka iya tacewa ba. Giram 50 a kan rezin Protein A, abin da ke kama antikor wajen tacewa, mai ɗaukar giram 40 a lita na buƙatar lita ɗaya da kwata a zagaye guda, ko mililita 250 sau biyar, rezin ɗin kuwa tsadarsa ba kaɗan ba ce. Masu hibiridoma su lura antikor nau'in IgG1 na ɓera ba ya kama Protein A da kyau, Protein G ya fi.

Mataki na 8: komandi da shara

A 2020 da 2021 lokacin korona manyan masana'antu ma sun jira leda da filta watanni da yawa, balle mai sayen guda goma daga Damagaram. Sayi ledar da ke cikin katalog ba wadda aka ɗinka maka ta musamman ba, ka yi komandin shekara guda da rarar biyu ko uku, tare da filta da mahaɗai da tiyo, domin rashin mahaɗi ɗaya na hana amfani da leda goma. Wa'adinsu shekara biyu zuwa uku ne daga ranar hasken gama ba daga ranar da suka iso ba, sa a rubuta maka a kwangila mafi ƙarancin wa'adin da zai rage in sun sauka. Ajiye su cikin katan ɗinsu a ɗaki mai kilim, nesa da rana da ɓeraye, kada a ɗora musu kaya.

Ledar da aka gama da ita kuma, ka kashe ruwan da ya rage da jabel ko zafi, ka sa ta a tukunyar tururi ta otokilab a digiri 121 aƙalla minti 30, ka yayyanka ta da almakashi yadda ba za ta ƙara riƙe ruwa ba, tiyon ma ka datse shi gunduwa-gunduwa, sannan a kai ta wurin ƙona sharar asibiti, a rubuta a littafi wa ya kai da ranar da aka ƙona. Mun san garinmu, leda mai kauri ta lita 50 da tiyo mai kyau in suka fita bola lafiyarsu lau, kafin la'asar wani ya tsince su ya zuba ruwan sha a ciki.